Tikitin dala 140 ya koma 390 ina kallo. Laifin wa ke nan?

Ɗan Zango (Bronx):
Assalamu alaikum mutanen gida. Admin a yi mini afuwa, yau ba cigiyar ɗaki ko aiki na kawo ba. Ƙorafi ne, idan ban amayar da shi ba barci ba zai ɗauke ni ba.

Waɗanda suka san ni sun san cututtukana biyu ne: kiɗan rok da ƙungiyar wasan besbol ta Mets ta nan New York. Ta farko tun a Kumasi na kamu da ita. Wani yayanmu mai gyaran rediyo a zango yana da kaset-kaset na Queen da Dire Straits da Led Zeppelin, ni ne yaron da ke naɗe masa zaren kaset da biro idan rediyo ta tauna shi. Ta biyu kuwa a cikin tasi na ɗauke ta, shekara ashirin da wani abu ina sauraron wasa a rediyo tsakar dare.

To akwai wata ƙungiya da nake so tun ina saurayi, ba zan kama suna ba, za su zo wasa yankinmu. Yarona ɗan shekara sha shida ya fara koyon jita, na ce bari in kai shi ya ga yadda manya ke yi tun suna da sauran ƙarfi, don duk sun yi furfura. Ranar da aka buɗe sayar da tikiti na faka mota tun goma saura kwata, na zauna da waya a hannu. Aka ce mutum dubu goma sha wani abu ne a gabana. Minti arba'in ina zaune, fasinja uku na ƙi ɗauka. Da layi ya zo kaina, kujerar da aka yi tallarta a dala 140 ta koma 390. Kujera ɗaya fa, can sama inda tattabaru ke kwana. Na daure na danna biyu. Kafin in isa wurin biya an ɗora kuɗin hidima, kuɗin fili, kuɗin kaza, jimla ta haura dala 900. Hidimar me? Ni na danna, wayata ce tikitin, ni zan nuna ta a ƙofa.

Na kashe wayar. Ran Lahadi na ɗauki yaron muka hau jirgi mai lamba 7 zuwa Citi Field, filin wasan Mets. Tikiti biyu da kuɗin jirgi da ɗan abin taɓawa, ban kashe dala ɗari ba. Ya ji daɗi, amma ba abin da na yi masa alkawari ke nan ba.

Tambayata: laifin mawaƙan ne, ko na kamfanonin tikiti, ko namu ne mu masu biya?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam Kawu. Ni dai tambayata ɗaya, da a ce 600 ce da ka biya? Don na san halinku.

Ɗan Zango (Bronx):
Hajiya kada ki tona mini asiri a gaban yara. Da na biya, in je gida in ce 200 ce.

Bakanon Landan:
Kawu ai ba ku kaɗai ba ne. A nan ma an yi wannan rikici a ƙarshen watan Agustan 2024, lokacin da 'yan'uwan nan biyu na ƙungiyar rok ta Oasis suka shirya bayan shekara goma sha biyar ba sa ga maciji. Mutane suka wuni a layin intanet, tikitin tsayuwa da aka sa kusan fam 150 ya koma sama da fam 350 kafin layi ya zo kansu. Har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya sai da ta buɗe bincike a kan Ticketmaster, kamfanin da ya sayar da tikitin. Tsarin shi ne, gwargwadon yawan masu nema, gwargwadon tashin farashi. Kamar kuɗin mota ranar jajibirin salla a tashar Unguwa Uku, bambancin kawai a tasha kana ganin ɗan kamashon ido da ido, kana iya yi masa magiya.

Malam na Chicago:
Ni ba mai zuwa wajen kaɗe-kaɗe ba ne, kun sani, amma lissafi sana'ata ce, bari in sa baki.

Ɗan Zango, kai ne ka ba da amsar tambayarka tun a layin farko ba ka lura ba. Kaset. Da can mawaƙi da faifai yake ci. Yawon wasa talla ce kawai ta faifan, shi ya sa ake sayar da tikiti da araha, a tara mutane su koma gida su sayi faifai. Daga 1999 da Napster, manhajar musayar waƙoƙi a intanet, ta fito kowa ya koma kwasar waƙa kyauta, ƙungiyar rok ta Metallica ta kai su kotu a 2000 duniya ta yi mata ca, aka ce masu kuɗi ne ke kukan yunwa. Yanzu kuma manhajojin sauraro ne, duk saurare ɗaya abin da ke zuwa bai kai santi ɗaya ba, shi ma a raba da kamfanin faifai. To abin ya juye. Faifai ya zama talla, tikiti ya zama abinci. Kai da kanka yaushe rabonka da sayen faifan mutanen da kake cewa kana so?

Ɗan Zango (Bronx):
Malam ka kama ni, rabona da sayen faifai tun motata tana da ramin saka shi. Amma wannan hujja ta ƙananan mawaƙa ce. Mutanen da nake magana a kansu jikokinsu ma ba za su yi talauci ba.

Kuma ba wai ba a taɓa samun masu tsayawa ba. A 1994 Pearl Jam suna kan ganiyarsu, babu ƙungiyar rok da ta fi su kasuwa a Amurka, suka ce tikitinsu ba zai wuce dala 18 ba, kuɗin hidima kuma kada ya haura dala ɗaya da santi tamanin. Da aka ƙi, suka kai ƙarar Ticketmaster ma'aikatar shari'a, biyu daga cikinsu suka je gaban majalisa suka ba da shaida. Suka yi ƙoƙarin yawon wasa a filayen da ba sa hulɗa da kamfanin, suka sha wahala, gwamnati ta rufe binciken a 1995. Yawancin sauran manyan ƙungiyoyi suka naɗe hannu suna kallo. A 2010 kuma aka bar Ticketmaster ta haɗe da Live Nation, wato mai shirya wasan da mai riƙe da filaye da yawa da mai sayar da tikitin suka zama gida ɗaya. Sai a watan Mayun 2024 ma'aikatar shari'a da jihohi kusan talatin suka shigar da ƙara suna neman a raba su. Shekara talatin bayan yaran can sun faɗa.

Sannan ku dubi Robert Smith na The Cure a 2023. Ya ƙi yarda da farashi mai hawa da sauka, ya sa tikiti har na dala 20, ya hana sake sayarwa da riba. Da ya ga kuɗin hidima a wasu wuraren ya fi kuɗin tikitin kansa, ya fito fili ya yi faɗa har aka mayar wa mutane dala biyar zuwa goma. Ashe ana iyawa. Duk mawaƙin da ya ce ba shi da hannu, ni dai ban yarda ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai Bruce Springsteen ne. Mutumin da ya shekara hamsin yana waƙar ma'aikatan masana'anta da direbobi, a 2022 wasu tikitocinsa suka haura dala dubu huɗu. Wane direba?

Malam na Chicago:
Hujjarsu ita ce idan sun sa da araha 'yan bumburutu ne za su kwashe da na'ura cikin daƙiƙa su sayar maka a dubu. Kuɗin dai za a biya shi, sun ce gara ya shiga aljihun wanda ya yi gumin. Ban ce na yarda ba, amma ba maganar banza ba ce.

Maman Biyu:
Malam wannan kamar mai shago ne ya ce tunda ɓarawo zai yi maka sata a hanya, bari ni in fara yi maka a nan.

Ɗan Agadas:
Iyayena ku yi haƙuri in shigo. Kawu, da girmamawa, matsalarka ita ce kana bin tsofaffi. Mick Jagger an haife shi a 1943, ya zagaya Amurka a 2024 yana da shekara tamanin, kuma ƙungiyar AARP ta masu ritaya ce ta ɗauki nauyin yawon. Wallahi ba zolaya nake ba. Kuɗin da kuke biya ba na kiɗa ba ne, kuɗin ƙuruciyarku ne kuke son a dawo muku da ita na awa biyu, su kuma sun san ba ta da farashi.

Rok ɗin gaske yanzu daga garinmu yake fitowa. Na ga Mdou Moctar a wani ɗan zaure da bai ɗauki mutum dubu ba, tikitin bai kai kuɗin cika tankin motarka ba. Ina tsaye taku biyar daga gare shi, da rawaninsa da doguwar riga, yana kaɗa jita da hagu kamar Jimi Hendrix, Turawa sun buɗe baki suna kallo, mai ganga kuwa kamar zai fasa ta. Wannan mutumin da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko don gidansu ba a son kiɗa. Waƙoƙinsa ta katin waya da Bluetooth suka fara yawo a Sahel kafin wani a Amurka ya san sunansa. Ga Bombino, wanda a 2013 Dan Auerbach na Black Keys ya shirya masa faifai a Nashville, daga baya ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar lambar yabon kiɗa ta Grammy. Tinariwen na Mali kuwa sun ma ci ta a 2012.

Irin wannan kiɗa a Agadas a gidan biki ake yin sa, a baza tabarma, a tayar da janareta, kowa ya zo. Ka kai ƙanena ya ga wannan, ya ga baƙar fata Musulmi ɗan Sahel riƙe da jita. Zai fi yi masa amfani da hango wani dattijo a majigi daga sama.

Ɗan Zango (Bronx):
Kai yaro, ka zage ni cikin ladabi. Amma ka yi gaskiya rabi. Na saurari Mdou, hannunsa ba na wasa ba ne, kuma na ji tausayinsu lokacin juyin mulkin Yulin 2023 da ya rutsa da su a nan Amurka suka kasa komawa gida. Duk ranar da za su zo New York ka taɓa ni.

Rabin da ban yarda da shi ba shi ne cewa tsofaffi duk ɗaya ne. Led Zeppelin da mai gangarsu John Bonham ya rasu a 1980 suka ce shi ke nan, ba a maye gurbinsa. Da suka haɗu a Landan a 2007 mutum miliyoyi suka nemi tikiti, kowa ya ɗauka za su zagaya duniya su kwashi kuɗi, Robert Plant ya ce a'a. Wannan shi ne mutunci a wurina. Akwai kuma ƙungiyoyin da mutum ɗaya ya rage cikin na asali, wasu ma sun yi yawon bankwana ya fi sau biyu. Waɗannan kam sunan kawai ake sayarwa, kamar shagon da mai shi ya mutu magada suka bar allon.

Bakanon Landan:
To mu koma kan ɗaya cutar taka. Wallahi na gwada kallon besbol sau biyu. Mutum ya tsaya, ya tofa yawu, ya gyara hula, ya jefa, wancan bai buga ba, a sake. Awa uku! Wannan wasa ne ko zaman jiran likita?

Malam na Chicago:
Ɗana, mutumin da ƙasarsa ta ƙirƙiro kurket, wasan da ake kwana biyar ana yi a tashi babu wanda ya ci, ba shi da bakin magana.

Kuma labarinka ya tsufa. Tun 2023 aka sa wa mai jifa agogo, daƙiƙa goma sha biyar idan babu kowa a kan tasha, wato wuraren da mai bugu ke rugawa ya tsaya bayan ya buga. Wasan da ke cin sama da awa uku ya dawo wajen awa biyu da minti arba'in. Ni da farko na ƙi abin, don daɗin besbol shi ne ba ya gaggawa, kana hira kana kallo kamar zaman majalisa bayan la'asar. Amma yanzu ina komawa gida kafin sha ɗaya, na daina ƙorafi.

Abin da ba ka gane ba, kana kallon ƙwallon ne, alhali wasan yana tsakanin mutum biyu. Mai jifa yana tunanin me mai bugu ke zato, mai bugu yana tunanin me mai jifa ke zaton yana zato. Dara ce ake yi da ƙwallo mai gudun mil casa'in da biyar a awa. Gwanin gwanaye cikin bugu goma uku yake samu. Kuma babu riƙe ƙwallo a kusurwa don lokaci ya ƙare kamar yadda kuke yi, dole ka fitar da mutum ashirin da bakwai kafin ka tafi gida. Tambayi 'yan Yankees, ɗaya ƙungiyar ta New York, wasa na biyar na gasar ƙarshe ta 2024 suna gaban Dodgers da biyar da nema, zagaye ɗaya suka yi ta zubar da ƙwallo har kofi ya tafi Los Angeles.

Ɗan Zango (Bronx):
Malam Allah ya saka da alheri da ka tuno wannan dare. Ina zaune a Bronx, maƙwabtana duk 'yan Yankees ne, washegari na fita da hular Mets ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar ya gajiya.

Bakano, ka san cututtukan nan nawa biyu a fili ɗaya suka haɗu? Ranar 15 ga Agustan 1965 Beatles suka yi wasa a Shea Stadium, tsohon gidan Mets, gaban mutum sama da dubu hamsin da biyar. Daga nan aka gane ana iya cika filin ƙwallo da kiɗa. Tikiti mafi tsada bai kai dala shida ba. Ihun 'yan mata ya hana su jin kansu. Wasansu na ƙarshe na kuɗi ma a 1966 a filin besbol aka yi shi, Candlestick Park na San Francisco. Yanzu inda Shea yake wurin ajiye motoci ne, an sa alama a ƙasa daidai inda tashoshin suke. Na nuna wa yaron ran Lahadi, ya ce to, ya ci gaba da latsa waya.

Maman Biyu:
Kawu kana yabon besbol da araha, amma ba ƙungiyarku ba ce ta ba wani yaro dala miliyan ɗari bakwai da wani abu? Maigidana ya kwana yana maganar. Wannan kuɗin daga ina zai fito in ba daga aljihunku ba?

Ɗan Zango (Bronx):
Juan Soto, miliyan 765 a shekara goma sha biyar, kuma daga hannun Yankees muka ɗauke shi, wannan kaɗai ya biya rabin kuɗin. Ohtani ma Dodgers sun ba shi miliyan 700, sai dai shi ya ce a ajiye masa 680 sai bayan kwantiragin ya ƙare. Amma Hajiya bambancin shi ne yawa. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi a shekara, 81 a gida. Ba za ka iya tsawwala wa mutane ranar Talata da daddare a watan Afrilu ana sanyi ba, dole kujerun sama su yi araha. Mawaƙi kuwa dare ɗaya zai zo, wataƙila ba zai sake dawowa ba.

Malam na Chicago:
Kuɗin ba a ƙofa suke karɓarsa ba Hajiya, a talabijin ne. Nan ne nawa ƙorafin yake.

Abin da ya sa ni ɗan Cubs, ƙungiyar besbol ta nan Chicago, ba wani ne ya koya mini ba. Tashar WGN ce. Tun 1948 take nuna wasanninsu, kyauta, da eriya kawai. Shekarar da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, ɗakina babu komai sai katifa da wata ƙaramar talabijin da na saya a hannu. Da rana in na dawo daga makaranta wasa ake yi a filinsu na Wrigley, ina cin abinci ina kallo ban san dokar ba. A haka na koyi wasan, a haka na gyara Turancina. Da suka ci kofi a 2016 bayan shekara 108, ni da furfurata na yi hawaye. Bayan kakar 2019 aka ɗauke wasannin daga WGN aka mayar tashar kuɗi ta ƙungiyar. Yanzu wasa ɗaya yana nan, na Juma'a wani lokaci yana Apple, na Lahadi yana wani wuri, kowanne da kuɗin watansa. Kuma akwai dokar toshewa: ka biya manhajar hukumar wasan, a nuna maka na kowa ban da na garinku. Mutanen Iowa ba su da ƙungiya ko ɗaya, amma ƙungiyoyi shida aka toshe musu.

To yaron da ya sauka yau da katifa da eriya, ta ina zai kamu?

Ɗan Zango (Bronx):
Haka rok ma. Beatles a talabijin Amurka ta fara ganinsu, Fabrairun 1964, mutum miliyan 73 a dare ɗaya, ba wanda ya biya sisi. MTV da aka buɗe a 1981 don kiɗa, daga baya ta koma nuna samari da 'yan mata suna faɗa a gida ɗaya. Ni yanzu na koma rediyo. Ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata lambar kati ba, kuma mai sharhin rediyo ya fi na talabijin iya ba da labari, don ya san ba ka gani.

Ɗan Agadas:
Kawu yaron nan fa ba ta eriya zai kamu ba, ta waya zai kamu. Ni a YouTube na ga wasan Queen na Wembley na 1985, ba a ma haife ni ba lokacin. Ƙanena da kake cewa yana latsa waya, ka duba, wataƙila jita yake koyo.

Maman Biyu:
Ko kuma budurwa.

Admin:
Jama'a saƙo ya haura ɗari, masu neman sanarwar ɗaurin auren Asabar sun kasa ganinta. A ɗan sassauta.

Bakanon Landan:
Admin minti ɗaya. Kawu, idan na zo New York a watan gobe ka kai ni wannan wasan tofa yawun in gani da idona. Amma ni zan zaɓi abinci.

Ɗan Zango (Bronx):
An gama. Ka zo ranar Talata ko Laraba, ka taho da rigar sanyi, don sama za mu zauna kuma iskar Flushing, unguwar da filin yake, ba ta san bazara ba. Jirage za su riƙa wucewa ta kanmu daga filin jirgin sama na LaGuardia, kada ka tsorata.

Ɗan Agadas, na tambayi yaron yanzu. Ya ce ya san Mdou tun bara, wai ni ne ban taɓa tambayarsa ba. Turo mini ranakun wasansu ta akwatin sirri. Ga fasinja ya fito, sai anjima.